Ɗan Gwaggon Lawali

Zuwa ga taubashina Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can ƙasar sanyi, kamar yadda muke lafiya a nan Argungu. Inna da Baba suna gaishe ka. Na bi ta Zauro na ga Kawu, an fara yankan shinkafa, ya ce in gaya maka, kai ɗansa, bana fadama ta yi kyau.

Inna ce ta sa ni rubuto maka, wai in yi maka albishir an ɗauke ni a kwalejin da na nema a Birnin Kebbi. To, na isar da aikenta. Sauran abin da za ka karanta nawa ne.

Ka tuna gasar lissafin da aka kai mu Birnin Kebbi muna ajin ƙarshe? Mu biyu makarantarmu ta zaɓa. A bayan a-kori-kura muka tafi, kana amai tun ba mu bar gari ba, ina riƙe maka da hula. Ni na yi ta bita har idona ya yi ja, kai kuwa gyangyaɗi ka sha. Da sakamako ya fito kai ne na ɗaya a duk yankin. Ni sai da aka kusa naɗe takarda aka kira sunana, makina ko kwata bai kai ba. Daga nan aka wuce da kai Sakkwato, gwamnatin jiha ta ba ka sikolashif, ka tafi. Ni na koma gulbi da gonar albasa.

Hoton da ka aiko, wanda ka sha ƙatuwar kwat kamar buhun gero, yana cikin kwanon jeren Inna. Duk macen da ta shigo gidan nan sai an ciro mata shi. Kai da ruwa ba ya kai maka gwiwa sai ka fara salati, yau kai ne ka ƙetare teku. A gidanmu ka tashi, tabarma ɗaya muka kwana, akushi ɗaya muka ci tuwo, ban san ta inda aka zuba maka abin da ba a zuba mini ba. Ina kishinka, Lawali. Ba na so in kira shi hassada, amma wani lokaci da kyar nake bambanta su.

Da na karɓo fom ɗin kwalejin, sai na tarar da wani fili inda aka ce a rubuta gasa ko wata bajinta da mutum ya taɓa yi, da sakamakonta. Nan na tsaya cik. In na bar shi fayau, ba ni da komai da zai bambanta ni da sauran. In na rubuta, na kai ƙarar kaina da hannuna. Kuma ka san Baba ya riga ya ce in bana ba a ɗauke ni ba, zancen boko ya ƙare.

Na je wurin Malam Ango, malaminmu na lissafi. Ya ce, "Kak ka sa shi. Ba wanda ka tambayar ka abin da ba ka hwaɗi ba." Na dawo gida, Inna ta ce, "Mi kaka ɓoyo? Ba tare kunka tahi da Lawali ba? Rubuta, su san gidan da kah hito." Ka ji fa, ko a faɗuwata ma kai take gani.

Na rubuta, amma ba don maganarta ba. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na dawo da takardar tambayoyin gasar nan a aljihuna, kuma tun daga lokacin nake bin su ɗaya bayan ɗaya. In ina ban-ruwan albasa, a kan laka nake zana su da tsinke. Har ta ƙarshen nan, wadda kai ma ka ce ta ba ka wuya, na warware ta. So nake wani ya ga makin nan ya ɗaure fuska ya ce, me ya faru? Ni kuma in ce a ba ni alli.

Ana gobe intabiyu na kwana gidan wani abokin Baba a Gwadangaji, da safe na isa da rigata mai guga. Mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiyar, wani dattijo mai tabarau, ya bi fom ɗin da yatsa har ya kai filin nan. Na gyara tsayuwa. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Gasag ga ba ita ta wadda yaron nan na Argungu yac cinye ba? Lawali? Ina wurin rannan. Mi ag gaminku?" Na ce ɗan kawuna ne.

Shi ke nan, Lawali, tambayoyinsu suka koma kanka. Wace ƙasa kake, me kake karanta, yaya kake yin bita, tun kana ƙarami haka kake? Na amsa tiryan-tiryan, har na ba su labarin aman mota suka yi dariya. Tunda nake ban taɓa cin jarrabawa irin wannan ba, don ba darasin da na haddace a duniya kamar kai. Allo yana bayansu, alli yana kan tebur, ba wanda ya miƙo mini. Makina kuwa gwiwar hannun dattijon tana kansa har muka gama. Ina fita na ji yana ce wa na kusa da shi, ai jini ɗaya ne, a ɗauki ɗan gwaggon Lawali.

Da sunana ya fito, Inna ta yi guɗa, Baba ya kawo babban kifi aka dafa. Na ci, na yi murmushi. Amma har yau ban sani ba, ni aka ɗauka ko kai aka sake ɗauka. Da ban rubuta ba, wataƙila da yanzu ina cikin gulbi da homar kamun kifi a hannu, amma da na san iyakata. Ka taimake ni ba ka ma san ka yi ba, wannan ya fi komai ci mini rai.

Kada ka ɗauka ba na kewarka. In na ga wani abin dariya a kasuwa, har yanzu sai in waiga in gaya maka. Ba wanda ke zagina da daɗi irin naka.

Amma ina da roƙo. Na ji Kawu yana cewa za ka zo hutu da damina. Ka zo gida, zan tare ka a tasha, in ɗaukar maka jaka, in kai ka Zauro a kan kekena. Kwalejin ce kawai nake roƙon kada ka taka, ko da dattijon nan ya aiko a kira ka. Ka bar mini shekara guda, ko za su koyi sunana.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka a ƙasar mutane, ya dawo mana da kai lafiya. Ni kuma Allah ya wanke mini zuciya, ya sa in riƙa cewa amin ɗin nan ba tare da ta tsaya mini a wuya ba.

Wassalam. Naka har kullum,
Haliru