Kira Tara da Na Katse

Ya sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake a cikinta, ruwan randar da ba na gajiya da sha, ina gaishe ki gaisuwar mai laifi.

Yau kwana shida ke nan na kasa zaune na kasa tsaye. Tun da kika roƙi shugabar sashe ta ɗauke ni daga shirinki, aka turo ni ɗakin ajiyar tsofaffin kaset, ba abin da nake yi sai zagaye tsakanin kantoci kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ƙarfe huɗu na yi, sai in kunna ƙaramar rediyo in ji kin yi wa jama'a sallama, in san wani ne zaune a kujerata bayan gilashi yana haɗa miki kira. Wa ya gaya masa ba kya son a saka miki mai kira kafin ki kurɓi ruwa? Wa ya koya masa cewa in kin ɗaga gira ɗaya, mai magana ya cika tsawaitawa ne?

Kin tuna ranar da wuta ta ɗauke muna tsakiyar shiri, janareta ya ƙi tashi? Kika fito harabar gidan rediyo kika zauna kan benci, kika saurari matan nan uku da suka zo ƙorafin famfon unguwarsu, kina rubutawa a bayan takardar labarai. Na tsaya ina riƙe miki da jaka kamar wani dogari. A ranar kika ce mini, "Gidan nan ba namu ba ne, na mutanen da ke kira ne. Mu masu tsaron ƙofa ne kawai." Na gyaɗa kai, amma gaskiya bakinki nake kallo, maganar ba ta shige ni ba.

An ce kishi kumallon mata, ashe namiji ma yana amansa. Telan nan da ke kira kullum ya yabi muryarki kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tsaya mini a maƙoshi. Na haddace lambarsa. Ranar Talata lambar ta fito a allon wayar sau tara, sau tara ina danne ta, har ina jin daɗi a raina. Ina zan san maƙwabciyarsa ce, wata tsohuwa, ta ari wayar don ta yi cigiyar mijinta da ruɗewar tsufa ta fitar da shi gida? Kwana biyu bawan Allah ya yi a tashar mota, alhali direbobin tashar duk shirinki suke ji. Da 'yarta ta zo da takardar cigiya, ta ce sun yi ta kira ba a ɗauka ba, kika duba jerin kiran kika juyo kika dube ni, na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ki yi faɗa ba, kuma da faɗan kika yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya na ɗauki rakoda na nemi unguwarsu. Ya masoyiyata, kin san wanda na yi wata uku ina kishi da shi? Dattijo ne ya haura saba'in, haƙori huɗu a bakinsa, tabarau ɗaure da zare, rediyo rataye a jikin keken ɗinki. Wayarsa ita ce wayar unguwar gaba ɗaya, duk mai kuka wurinsa yake zuwa. Da na faɗa masa ko ni wane ne da kishin da na yi a kanki, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, ai jikata ma ta girme ta." Shi ya raka ni har ɗakin tsohuwar. Na tarar da mijin zaune a kan tabarma yana murza hularsa, ƙafafunsa duk a kumbure. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba.

Ga muryar tsohuwar da na naɗa, na haɗo miki da wannan takarda. Tana gode wa direban da ya dawo mata da mijinta, tana roƙon a ware wa cigiya layi na daban. Ki saka ta a shirinki ko kin yafe mini ko ba ki yafe ba, haƙƙinta ne da na tauye.

Kujerar ba ita nake roƙo ba, duk wanda ke kanta Allah ya ba shi sa'a. Ke nake roƙo. Maganar aurenmu da kika ce in dakata da ita, har yanzu tana da rai, ko ni kaɗai nake ta yi mata fifita? Zuciyata ta zama gonar da damina ta tsallake, ga hadari ina hange, ba ɗigo ko ɗaya.

A ƙarshen naɗin akwai minti biyu da tsohuwar ta wanke ni tas, ta kira ni sakarai, ta ce Allah ya shirye ni. Na iya yanke murya, sana'ata ce, amma ban taɓa wurin ba. Ki saka shi duka gari ya ji. In zaɓi ne tsakanin kunya a gaban jama'a da rashinki, na zaɓi kunyar.

Naki ne ni yau da gobe, ko kin amsa ko kin yi shiru,
Mai haɗa miki kira.