Arewar da Fahad Ya Ce

Taima, ranar Talata

Yaya Fatna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya maigidan da yaran unguwarku ta Ƙiblatain, can Madina? Ni da Inna da Fahad muna lafiya.

Motar nan da Fahad ya ɗauko, karafan suke ce mata, abin kallo ce. Gado biyu, murhun gas, firiji, da banɗakin da in kin shiga sai dai ki fito da baya. Inna ta buɗe kowace durowa, ta ce da iyayenta sun samu irinta da ba su shekara biyu a hanyar Makka ba.

Amma Yaya, an yi ɓaranɓarama. Kin san Hausar ɗan nan nawa, yana ji, ya amsa da Larabci. Ranar da ya je gayyatar Inna, wai shi gwani, sai ya ce mata, "Kaka, zan kai ki Arewa." Shimal yake nufi, wato arewacin ƙasar nan, garin Tabuka da duwatsun da ƙanƙara ke sauka. Ke kuwa kin san abin da Arewa take nufi a kunnen Inna. Ɗazu ina neman maganinta na tarar da dabino da zamzam cike da akwati, ta ce tsarabar 'yan'uwanta ce na Gumel. Shekara saba'in rabonta da su. Na mayar da akwatin na rufe. Fahad bai san komai ba.

Ƙanwarki,
Safiyatu

Tabuka, ranar Alhamis

Yaya,

Sallama da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso. Wai in faɗa mata kawai. Daga Madina abin da sauƙi!

Ƙasar nan ta ba ni mamaki. Duwatsu jajaye kamar an sassaƙa, ga gonakin zaitun a tsakiyar yashi. Sanyi kuwa har ruwan alwala sai mun ɗora a wuta. Inna tana zaune gaba kusa da Fahad, duk abin da suka wuce ta faɗa masa sunansa, yana maimaitawa. Jiya raƙumi ya zama "laƙumi", ta yi dariya har da tari.

Abu ɗaya ke tsinka min zuciya. Kowace salla sai ta tambayi alƙibla, ya duba waya ya nuna kudu. Sai ta ce a gida gabas ake kallo, ta tayar da kabbara. Ina tsoron ranar da za ta gane.

Taki,
Safiyatu

Haƙal, ranar Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki, Allah Ya ƙara sauƙi. Mun zo bakin teku, hanya ta ƙare.

Da la'asar Fahad ya tafi cika tankin ruwa, na zauna na faɗa wa Inna gaskiya. Ta dube ni kamar na zo mata da labarin bara. Ta ce tun Taima ta sani, ita ba yarinya ba ce, wa ke ƙetare teku da gado? Daren farko dai ta yarda, da gari ya waye ta ga inda rana take, ta shiga banɗakin nan ta yi kukanta ta wanke fuska.

Na ce to me ya hana ta magana? Ta ce shekara ashirin da takwas tana yi wa yaron nan Hausa yana mayar mata da Larabci. Ran nan ne ya fara buɗe baki ya yi mata magana da harshenta. In ta ce ya yi kuskure, ba zai sake ba. Ta sa na rantse ba zan gaya masa ba, ke ma ta ce ki kama bakinki.

Yaya, ni na haife shi, ban taɓa lura abin yana ci mata rai ba. Kunya ta ishe ni.

Gobe za mu juyo. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Safiyatu