Duwatsun da ke cikin jinin Rufaida

Mahfuzu, ɗiyarka ta tashi! Yau da hantsi ta taka da ƙafarta har bakin rijiya. Ka ga, murna ta sa na manta da sallama. Assalamu alaikum, ɗana. Ina gajiya, ina zaman Abijan, yaya jikinka da na abokan ɗakinka? Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya koyi alƙalami bayan furfura ne.

A waya ce maka muka yi masassara ce kawai. Yanzu zan faɗa maka sauran.

Ana tsakiyar yankan hatsi zafin jiki ya kayar da Rufaida farat ɗaya. Sai haɓo, sai wasu ɗige-ɗige ja a ƙafafunta kamar an watsa mata garin barkono. Kakarta Tabawa ta ce mataccen jini ne ke neman hanyar fita, dukanmu muka yarda, aka kira Barmo wanzami ya yi mata ƙaho. Ka san yakan fara kafa ƙahon ya zuƙa kafin ya tsaga. Da ya cire, wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a marina. Barmo ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe askarsa, ya ce wannan fata ba zai taɓa ta ba, mu nemi mota zuwa Keita.

Can lokotoro ya auna jininta, ya ce masassarar sauro ce, kuma ta cinye wasu 'yan ƙananan abubuwa da suke kira plaket, su ne ke toshe rauni. Nata sun yi ƙaranci ƙwarai, da an tsaga ta, wataƙila jinin ba ya tsayawa. Ya hana mu ba ta aspirin na 'yan tebur. Aka ɗaura mata sarum, wato ƙarin ruwa, aka shiga allura, aka ce mu jira.

Jiran nan na yi shi ƙarƙashin iccen bedin da ke farfajiyar likita. Wata azahar gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga kaina kan tudun Ibohaman lokacin da muke jera duwatsu don tare ruwan sama. Amma ruwan ja ne, yana gangara a hankali ba ƙara, mata kuma suna saukowa da duwatsu ƙanana kamar ƙwayar gero, suna waƙa suna jerawa. Har marigayiya uwata na gani cikinsu, da gammo a kanta. Ban san iyakar zamana can ba. Na farka da sanyi a zuciya.

Kowane awo, lokotoro ya ce plaket ɗin sun ƙaru, har ranar da ya yi dariya ya sallame mu.

Yanzu matar tawa ta wasa, Rufaida, tana zaune bakin zaure, ta cinye furata, ta kuma ce ta sake ni don na tsufa, sai na sayo mata awara za ta dawo. Tabawa da Jamila uwar Rufaida suna gaishe ka. Ni ne mahaifinka, Bawa, nake cewa ka taho, ka faɗa wa Yaƙubu da duk sauran 'yan garinmu da ke can. Ku zo ku ga yarinyar da ta kori mijinta da bakinta cike da fura.