Injin Yana Miƙowa Ta Hagu

Hausari, Maiduguri

Ƙanena Mikail,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Wannan hannun ƙarfe da ka ƙera mana a gidan burodi ya ishe ni. Ka ce zai riƙa ciro faranti daga tanda yana miƙa wa ma'aikaci, mu huta da ƙuna. Yana miƙowa kam, amma ta hagun mutum. Baba Gambo, da yake gashi a nan tun kana rarrafe, ya ce bai taɓa karɓar abinci da hagu ba, ba kuma ƙarfe ne zai koya masa ba. Sai ya gitta hannun damansa ta gaban injin. Idon injin na ganin hannu, sai ya tsaya cak. Kafin ya ci gaba, burodin da ke ciki ya ƙone. Masu sari daga Kasuwar Litinin sun fara guduna.

Mai gyara mana wuta ya ce a liƙe idon da salatef, kowa ya huta. Me ka gani, injiniya?

Ka gaida matarka Rashida.
Yayarka, Fanna

Kano

Ya Fanna,

Wa alaikumus salam. Ina fata kin tashi lafiya.

Don Allah kada ki taɓa idon nan. Shi ne yake hana injin ture mutum da faranti mai zafi. Ta hagu na ajiye shi saboda ƙofar tandar ta dama take buɗewa, kuma wallahi maganar karɓa ba ta zo mini a rai ba. Gyaran sai na zo na tone gindinsa na juya shi, amma ba za a sake ni daga wurin aiki ba sai ƙarshen wata. Ni ma a gajiye nake. Ki lallashi Baba Gambo, in ya ƙi ki kashe injin kawai.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Mikail

Hausari

Mikail,

Sallama. Na lallashe shi har bakina ya bushe. Cewa ya yi, "Hajiya, gara ki sallame ni." Kashe injin kuma faɗa ne da sauƙi daga Kano. Mai taya Baba Gambo ya koma Konduga noma tun da aka kafa injin, ga shi an ba ni aikin burodin biki ranar Asabar. Bayana ciwo yake, ban san yadda zan yi ba.

Ka huta lafiya.
Fanna

Hausari

Mikail,

Assalamu alaikum. Na liƙe idon ranar Asabar. Farantin ya sauka a bayan hannun Baba Gambo na dama. Likita ya naɗe shi, ya ce yatsun ba lallai su sake lanƙwasuwa ba.

Jiya na kai masa tuwo. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya roƙe ni in fita, ba ya so in ga yadda zai ci.

Ba sai ka yi saurin zuwa ba. Na kashe injin.

Fanna