Ɗigon Kwalli a Goshin Mma

Bawku

Yaya Mudassira,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina maigida da yara, ya mutanen Yendi? Ni ce ƙanwarki Rukaya. Nadiya maƙwabciyata ce ke rubuta mini a wayarta, na ce kada ta gyara komai, yadda ya fito daga bakina haka za ta sa.

Yaya, za su ƙwace mini 'yata Mma.

Kin ga hoton sallar nan da babanta ya tura wa danginsa daga Kumasi, wanda ta sa jar riga? To ɗan ɗigon kwallin da ke goshinta, shi ya tashi Salaga tsaye. Hajiya uwarsa ta kira shi, wai na yi wa takwararta tambarin masu bautar gunki. Ni! Ni da ko asuba ba ta wuce ni! Wai tunda yaye ya zo za a zo a ɗauki yarinya, kuma ba yaye kaɗai ba, riƙo ne, sai ranar aurenta.

Ba zan ɓoye miki ba, a fim ɗin Indiya na gani, wanda ake sawa da yamma da yaren Asante, muna kallo a ɗakin Nadiya. Ɗan wata baiwar Allah ne ya kwanta ciwo, kakarsa ta lakato kwalli daga idonta ta ɗiga masa saboda bakin mutane, yaro ya tashi. A makon nan Mma ta yi zazzaɓi, jiki kamar garwashi. Na kai ta asibiti, na ba ta magani, na yi mata tofi, sannan na ɗiga. Kin san na farina bai kai suna ba. Wallahi da toka aka ce in shafa mata a tafin ƙafa, da na shafa.

Na kira babanta ina kuka, sai ce mini ya yi, "Rukaya, uwata ce, me kike so in ce mata?" Ya ce in bar kallon banza, ya kashe waya.

Tun da iyayenmu suka rasu ke ce uwa ke ce uba. Don Allah ki yi wa Hajiya magana. Ki gaida yara. Allah ya bar zumunci.

Rukaya

Salaga

Zuwa ga 'yata Mudassira,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kuna lafiya, saƙonki ya iso, na kuma ji ban haƙurin da kika yi a madadin ƙanwarki. Allah ya yi miki albarka, ke kam kin san girma.

Amma ki sani yarinyar nan sunana gare ta. Duk wanda ya ga hoton nan, goshina ya gani. Matan unguwa sun yi ta shigo mini kamar ana zaman makoki, kowace da tata tambayar. Kakanninmu sun yi fataucin goro ƙasa ƙasa, sun zauna da kowane irin mutum, ba su taɓa kwaso addinin kowa sun kawo gida ba. Sai yau, a kan jikata.

Uwar da za ta zauna gaban akwatin kallo tana yi wa mutanen da ba su san da ita ba kuka, me za ta koya wa ɗiya? Ga shi garin nasu ba zaman lafiya, ɗana kuma ba ya nan.

Ni na yaye jikokina duka, ba sabon abu ba ne. Babban ɗana Issah zai je Bawku sarin albasa, zai taho da ita. A haɗa mata kayanta. Wassalam.

Hajiya Ummul-Khair

Yendi

Rukaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki.

Ke ma dai da kwashe-kwashe! Ni ma ina kallon na Koriya har tuwo ya ƙone, amma kin taɓa jin na ɗauki tsinke biyu na ci tuwon? Abin kallo kallo ne, a bar shi a akwati. Kuma in kin ɗiga, sai ki tsaya a ɗauki hoto?

Na roƙi Hajiya, ta ƙi. Kuma wan mijinki ta turo, ba ƙaramin yaro ba. Mutumin da ko ido ba kya haɗawa da shi, ta yaya za ki ce masa a'a? Ki ba da ita. In rai ya huce, shekara ta zagayo, sai mu je da manya mu roƙa. Ni ba goggo ce ta riƙe ni a Gushegu ba? Ga ni ban mutu ba.

Ki ci abinci, ki daina kuka gaban yarinya. Allah ya ba ki haƙuri.

Yayarki Mudassira

Bawku

Yaya,

Ina kwana. Na ji saƙonki, Nadiya ta karanta mini har sau biyu don na ce ba ke ba ce.

Ba ki mutu ba, gaskiya ne. Amma wa ke zuwa gida da salla tana laɓewa bayan ƙofa, tana ce wa uwar da ta haife ta "matar nan"? Ina ƙarama amma ban manta ba. Haka kike so Mma ta ce mini?

Kowa sai ya ce kallon banza. Ku zo ku zauna a Bawku mana! Kafin magariba an rufe gari, ba shiga ba fita. Miji na Kumasi. Ɗaki ɗaya, ni da yarinya da bango. In aka fara harbi daga nesa Mma sai ta maƙale mini, ni kuma ba ni da wanda zan maƙale wa. A ɗakin Nadiya muke taruwa, matan gidan hayar duka, kowace da yarenta, har waɗanda a kasuwa ba sa gaisawa. Harbi na tashi Nadiya ta ƙara muryar akwatin. Sai ki ji mata na zagin wata uwar miji ta Indiya, an manta da waje. Wannan ne banza?

Kuma mutanen nan irinmu ne, Yaya. Suna durƙusa wa manya, ba sa kiran sunan miji, suna da uwar miji mai harara. Bambancin kawai su da gwal a wuya suke wanke-wanke. In matar ta yi kuka mijin yakan tsaya ya dube ta, ya yi ta dubanta. Ni wa ya taɓa tsayawa ya dube ni haka? Ba gunkinsu na je kallo ba, in sun zo wajen nan ma tashi nake in duba tukunya.

Nadiya, rubuta wannan da kyau. Kwanaki a fim ɗin aka zo da mota aka ɗauke wa matar ɗanta. Ta tsaya bakin ƙofa tana kuka, ana ta kiɗa. Duk ɗakin muka miƙe muna ihu, "Bi motar mana, sakarya! Ƙafarki ta karye ne?" Ni na fi kowa ihu, har muryata ta dishe.

Alhaji wan mijina ya iso jiya, ya aiko a shirya yarinya gobe da safe. Na haɗa mata kaya. Ki yi mini addu'a.

Rukaya

Salaga

Yaya Mudassira,

Salamu alaikum. Kada ki firgita, daga Salaga nake magana. Atikatu autar Hajiya ce ke rubuta mini, a ɓoye.

Na kai Mma tasha kamar yadda aka ce, goye a bayana, na ɗaure zane na ƙara majanyi na yi ƙulli biyu. Alhaji na tsaye wajen lorin albasarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon taya. Ya ce, "A sauke ta." Na ce, "Alhaji, ga ta nan." Ban motsa ba. Ya sake cewa a sauke ta. Na ce, "Ga ta nan, Alhaji, a kwance ta."

Yaya, ya zai yi? Ya sa hannu a ƙirjin matar ƙaninsa a tsakiyar tasha? Ya dubi direba, direba ya ce, "Ni da aurena, Alhaji." Wata mai koko ta ce, "To Alhaji, kwance mana, muna kallo." Tasha ta ɗauki dariya. Ni kuwa na ce a raina yau sakina ya zo. Gemun Alhaji har rawa yake. Can ya ce wa direba, ba ni ba, "A ba ta gaban mota."

Mun wuce ta Yendi, na hango hanyar gidanki, ban ce a tsaya ba don kada ki ce in sauke ta.

Hajiya ta fito da murna tana miƙo hannu, sai ta gan ni. Ta ce, "Issah, wannan fa?" Ya ce, "A haɗe suke." Ya shige ɗaki. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na yi kuskure a kan kwalli, ba zan ƙara ba. A yaye ta, a koya mata karatu, duk yadda kika so. Amma inda ta kwana nan zan kwana, ko a zaure ne." Ta juya ta shige ciki. Har yanzu ba ta amsa gaisuwata. Shara nake, daka nake, idona na kan ƙofa, don ban san ranar da za a ce in koma ni kaɗai ba.

Ki yafe mini ƙin jin maganarki. Ki gaida yara.

Rukaya

Salaga

'Yata Mudassira,

Bayan gaisuwa, an yaye takwarata lafiya, a cinyata.

Ƙanwarki taurin kai gare ta kamar jakin fatake, amma sakwararta ba gudaji. Ɗaya na aika a kawo mini, an kawo biyu, biyun zan riƙe. Ki sa a kwaso mata tukwanenta daga Bawku.

Akwatin kallo ba zai shigo gidana ba ina raye. Inda suke zuwa ita da Atikatu bayan la'asar kuwa, ban tambaya ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Hajiya Ummul-Khair