Ƙodar Kawu

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara.

Na kasa faɗa maka a waya, shi ya sa na ɗauki biro. An sake kwantar da Auta. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙafafunta suka kumbura. Likita ya ce ƙodar da ka ba ta ta daina aiki. Ƙwayoyin cuta ne suka hau daga mafitsara suka cinye ta. Jiya aka mayar da ita kan injin wankin ƙoda, a ɗakin da ka saba samun mu kafin dashe.

Ba ta magana da kowa. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ba ta sauƙi.

A gareji na karanta takardarki, na kasa ƙarasa motar da nake gyarawa. Ina zaune a gefenki ranar da likitan nan ya yi mana bayani. Ya ce yaran da aka faɗaɗa wa mafitsara da guntun hanji, irin Auta, dashe yana karɓar su kamar kowa, muddin ana zura robar nan ta cibiya a kan lokaci, a zubar da fitsarin kada ya kwanta. Na tambaye ki ko za ki iya. Kika ce ko cikin barci.

Matata ta yi kuka don kada a yanka ni, na ce 'yar ƙanwata jinina ce. Yau ko taya zan ɗaga sai na dafe gefena. Ban yi don a gode mini ba, amma ban bayar don a bar ta ta ruɓe ba. Ki faɗa mini wanda ya yi sakaci.

Yayanki.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Tunda ka tambaya, ga amsa.

A gida ban taɓa tsallake lokaci ba. Ni nake tafasa ruwa, ni nake wanke mata yauƙin da hanjin nan yake tarawa, har hannuwana suka tsattsage. A makaranta kuwa ita take yi da kanta. Roba tana cikin jakarta, a naɗe cikin safa, ba wanda ya sani sai malamar ajinsu.

Sai da ta kwana biyu a kan injin ta buɗe baki. Ta ce, "Mama, tun farkon zango ba na yi a makaranta." Na ce don me? Ta ce 'yarka, da suke aji ɗaya, ta zazzage jakar a gaban yara, ta ɗaga robar ta ce, "Ku ga abin da take fitsari da shi. Babana ne ma ya ba ta ƙoda." Tun ranar suke ce mata Mai Tiyo. In ta nufi banɗaki su bi ta su leƙa ta ƙasan ƙofa. Sai ta daina shan ruwa, ta daina zuwa, tun safe har a tashi.

A ina 'yarka ta ji? A falonka, Yaya. Duk baƙon da ya zo sai ka ɗaga riga ka nuna tabo, ka kira Auta ka ce, "Zo ki nuna musu cibiyar." Ina zaune ina murmushi, don wanda ya ba ka ƙoda ba ka ce masa ya yi shiru.

Shekarar Auta goma sha uku. Ka gaida gida.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Na ga saƙonki, kuma na ji zafinsa.

Na titsiye yarinyar. Ta ce wasa take yi. Na hukunta ta, uwarta ba ta yi mini magana har yanzu. Amma ki ji tsoron Allah, kada ki ɗora mini wannan. In na nuna tabo, don mutane su daina tsoron bayarwa ne. Ke uwa ce, ina idonki yake da yarinya take dawowa da gorar ruwanta a cike?

Bari dai. Ranar hutu zan rufe gareji in zo in gan ta. Ki tambaye ta abin da take so in kawo mata.

Yayanki.

*

Kawu,

Ina wuni. Ina gaishe ka da duk mutanen gida. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, allura tana hannun dama.

Mama ta ce in faɗi abin da nake so. Ba na son komai, na gode.

Na tambayi likita ko za a iya ciro ƙodar a gyara a mayar maka. Ya ce ba a yi, a cikina za ta zauna ko da ba ta aiki. Ka yafe mini da na lalata maka.

An ce za a sa ni a layin masu jiran wata ƙodar. Na roƙe su, in an samu, ta zama ta wanda ban sani ba.

In ka zo ka tarar ina barci, kada ka tashe ni.

'Yarka,
Auta.