Tifar Malam Buba da dashenmu

Adda Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya zafin Sakkwato? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Mangwaro arba'in muka dasa da ɗaliban tsohuwar firamarenmu ta Mayo Gwoi don rage gurɓatar iska. Ranar Talata Malam Buba mai tifa ya ratsa filin makarantar zai ɗebo yashi, ya murƙushe goma sha bakwai. Sau biyu na ƙirga. Da na same shi sai ya yi dariya: "Mai digiri, ciyawa kake wa kuka?"

Na karɓo izinin hedimasta a rubuce, muka kafa turakun ƙarfe, muka dasa aduwa a bakin hanyar da yake yankewa. Yanzu dole ya zagaya ta gada. Na san zagayen zai ƙara hayaƙi, kuma abin yana damuna. Amma da na ga yana juya tifar jiya yana zage-zage, wallahi Adda, tuwo har ƙari na yi.

Ki taya mu addu'a aduwar ta kama, ta yi ƙaya sosai. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sadiƙu